Mai haƙar Bitcoin shi kaɗai: laccar da aka yi a Yamai

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in zafin Yamai ya bar mu.

Na farko, kalmar haƙa, wato haƙar Bitcoin, kuɗin nan na intanet. Babu ramin da ake tonawa. Na'ura ce ke cankar lamba, ta gwada, ta yar, ta sake, har wata a duniya ta dace. Kusan kowane minti 10 ake samun mai dacewa, sau 144 ke nan tsakanin dare da rana, kuma tun Afrilun 2024 ladan kowane bulo, wato sabon shafin rajistar ciniki da mai dacewa ke ƙarawa, Bitcoin 3.125 ne.

To ƴan uwa, ga wurin da nake so ku tsaya da ni. Rabonka yana rataye ne da ƙarfin kowa da kowa. A 2025 na'urorin duniya gaba ɗaya sun kai wajen canka tiriliyan ɗaya sau biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Ƴar ƙaramar na'urar nan da samari ke gani a intanet, Bitaxe, tana yin kamar tiriliyan ɗaya. Ke nan a kowane bulo kai ɗaya ne cikin biliyan. Ɗaya cikin biliyan! Malam mai farar hula, na ga ka fito da waya, buga mu gani. Biliyan raba 144, raba 365. Nawa? Shekara wajen 19,000. Jikokin jikokinka ma sai sun gaji da jira.

Wani zai ce zan sayi babba. Sayi Antminer S19, mai yin kamar tiriliyan 100. Ka dawo shekara 190, tana shan wuta fiye da wat 3,000 ba hutu. Kuma lissafin nan ya ɗauka duniya ta tsaya cak, alhali ba ta tsayawa. Bayan kowane bulo 2016, kusan mako biyu, tsarin yana duba saurin samun bulo, in ya ƙaru ya ƙara wuya. Na'urarka tana nan yadda ka saye ta, kasonka yana raguwa. Ko da Sin ta hana haƙa a 2021 ƙarfin ya faɗi ƙwarai, ba a jima ba ya dawo, masu haƙa da yawa sun koma Amurka.

Wannan ya tuna mini da haƙar zinariya a Jado, arewacin Nijar, a 2014. Kowa ya ji labarin wanda ya dawo da zinariya ya gina gida. Waɗanda suka sayar da awaki suka dawo hannu rabbana, wa ya ƙirga su? Gaskiya ne, lokaci lokaci mai haƙa shi kaɗai yana dacewa da bulo, labarin ya zaga duniya. Abin yana damuna, don na san yaranmu labarin nan kaɗai suke ji.

Na uku, ko na biyu ne, haɗa ƙarfi. Kamar gayya, kowa ya kawo na'urarsa, a raba ladan, kowa daidai aikinsa. Kaɗan ne, amma yana zuwa.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, tunda Allah ya ba mu rana, in aka sa faranti mai hasken rana fa? Hajiya, farantin zai rage miki kuɗin wuta, amma ɗayan nan cikin biliyan ba ya motsi. Da dare kuma sai batir. Ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke wuce 40, na'urar kuwa sanyi take so. Ki ce wa ɗan naki ya zo bayan sallah da takardar kuɗin wutar gidanku, mu zauna mu lissafa tare.