Amsoshin Tambayoyinku: A Sauke Mota Ƙasa Ko a Bar Ta Yadda Ta Zo?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau a gareji za mu yada zango, domin cikin saƙonnin da suka taru a wannan mako, guda huɗu magana ɗaya suke yi: sauke mota ƙasa ta hanyar canja mata sifirin. Ga dukkan alama abin ya fara shiga ran samarinmu.

Saƙon farko daga wani matashi ne a Kaduna. Ya ce: "Ina da Honda Accord ƙirar 2008. Ina ganin irinta a intanet ta kwanta ƙasa, taya ta cike gurbinta, gwanin sha'awa. An ce mini gajeren sifirin ake saka mata. Da gaske ne motar takan fi kama titi a kwana? Kuma laushinta zai ragu?"

To ɗan'uwa, amsar duka biyun eh ce, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kowace ƙafar mota tana da abu biyu da ke aiki tare. Sifirin, wannan murɗaɗɗen ƙarfen, shi ke ɗauke da nauyin motar, shi kuma ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shokozoba kuwa aikinta ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan ya lotsa ya dawo. Sifirin ɗin saukewa, irin wanda kamfanonin Eibach da H&R na Jamus ko Tein na Japan ke ƙerawa, yawanci yakan sauke mota da milimita 25 zuwa 40, wato inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kuma ba gajarta shi kaɗai aka yi ba, an ƙara masa tauri. Dole ce ta sa. Tunda an rage wa ƙafar filin da za ta yi sama, in aka bar sifirin da laushinsa na da, ramin farko da ka faɗa sai ƙafar ta je ta daki robar da ke tare ta a ƙarshe.

Idan ka sha kwana, nauyin mota yakan koma kan tayoyin waje. Yawan abin da ke komawa ya danganta da nisan cibiyar nauyin motar, wato tsakiyar inda nauyinta ya daidaita, daga ƙasa, da kuma faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. A mota irin taka, cibiyar tana wajen santimita 55 daga ƙasa. Ka sauke ta da santimita 3, abin da ka rage bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 ba. Ragi ne, amma ba abin a zo a gani ba. Abin da direba ya fi ji a hannunsa daga taurin sifirin yake zuwa: bodi ya rage kwanciya gefe, sitiyari yana amsawa da wuri, in ka taka birki goshin motar ba ya dungurawa kamar da. A kan kwalta sumul wannan daɗi ne na gaske, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ka riƙe kalmar nan, sumul. Taya ba ta kama titi sai tana taɓa shi. Sifirin mai laushi yakan bar ta ta bi gargada, ta hau ta sauka tana manne da ƙasa. Mai tauri kuwa, in ya haɗu da kwanar da kwaltarta ta farfashe, sai tayar ta riƙa tsalle, kuma duk ɗan lokacin da take sama babu birki, babu sitiyari. Don haka motar da aka sauke tana iya fin ta kamfani riƙo a kan titin zuwa filin jirgin Abuja, ta kuma kasa ta a layin unguwarku bayan damina ta gama da shi. Laushi kuwa, duk tsakuwar da ka taka ƙugunka zai ba ka labarinta.

Sai maganar da samari ba sa son ji. Irin waɗannan motoci tsakanin cikinsu da ƙasa bai fi santimita 14 ko 15 ba tun daga kamfani. Ka cire 3 ko 4, ka ɗauki abokai huɗu, me ya rage? A ƙasan akwai kaskon baƙin mai na inji, akwai salansa, akwai leɓen bamba. Ga tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, wani kamar kunyar doya. Ni kaina na taɓa zama a motar wani abokina da ya sauke ta, muna dawowa daga ɗaurin aure, muka hau irin wannan tudu a hankali, muka ji ƙas. Ba mu yi nisa ba fitilar mai ta kama. Allah Ya sa ya kashe injin nan take, da inji muka binne ranar. Da igiya aka ja mu zuwa gida, da manyan rigunanmu.

Saƙo na biyu daga Kano yake. Mai sauraronmu ya ce ya tambayi kuɗin sifirin ɗin saukewa ya ji da tsada, sai bakanikensa ya ce ba sai ya wahala ba, zai yanke zagaye ɗaya ko biyu daga na jikin motar, ko a kai wa mai walda ya gasa shi da wutar gas har ya zauna. Yana neman shawara.

Malam, kada ka yarda. Duka biyun kada ka yarda, amma gasawar ta fi muni. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a kamfani, aka sanyaya shi bisa ƙa'ida, shi ya sa yake lotsawa ya dawo sau dubbai bai gaji ba. Da zarar wuta ta sa shi ya yi ja, wannan horon ya tafi. Wurin da aka gasa zai ci gaba da zama a hankali, ko ya karye ranar da ba ka zata ba, kuma babu mai waldan da zai gasa huɗu su fito daidai da juna. Sai ka ga mota tana tafiya a karkace kamar jakin da aka ɗora wa mangala ɓari ɗaya.

Yankewa kuma ga lissafinta. Sifirin, iya yawan zagayensa iya laushinsa. In yana da zagaye 8 masu aiki ka yanke 1, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100, alhali abin da ka cinye daga filin motsin ƙafar ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga shi ya gajarta, ga shi bai yi taurin da zai kare kansa ba, don haka kullum yana dukan roba. Sannan bakinsa na ƙarshe an lanƙwasa shi ne don ya zauna daram a mazauninsa, kai kuma ka yanke wannan bakin. Mafi haɗari, idan ƙafa ta saki gaba ɗaya, misali ka tashi daga kan tudu da gudu, gajeren sifirin yana iya zamewa daga mazauninsa. In ya kwanta a jikin taya kana tafiya, sai dai addu'a. A Jamus, inda ake ƙera yawancin irin waɗannan kaya, ba a saka sifirin ɗin saukewa a hau titi sai yana da takardar amincewa da ta dace da motar. Mu a nan babu mai tambayar ka takarda, kai ne za ka tambayi kanka. Kuma in ka je Ƙofar Ruwa aka miƙo maka mai jan fenti aka ce na waje ne, duba lambar da ke jikinsa ka tabbatar na ƙirar motarka ne. Fenti ba shaida ba ne.

Na uku ya zo daga Maraɗi, shi kam ya riga ya yi. Ya ce: "Na saka wa Corolla tawa gajeren sifirin wata huɗu da suka wuce. Yanzu tayoyin gaba sun cinye ta ciki, waje kuma kamar sabo. Motar tana ta rawa in na taka gargada, shokozoba ɗaya ma ta fara yoyon mai. Sifirin ɗin ne jabu?"

Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Na fi zargin cewa sifirin kawai aka canja aka sallame ka. Idan mota ta sauka, hannuwan da ke riƙe da ƙafa sukan canja kusurwa. Kan taya ya karkata ciki, gindinta ya buɗe waje, sannan bakin tayoyin biyu ya daina kallon gaba sak. Wannan na biyun shi ya fi cin taya, domin tana tafiya tana gogar titi a kaikaice. Maganinsa saitin ƙafa, abin da muke kira alaimen, kuma a wurin masu na'ura, ba na zare da ido ba. A bar motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya sifirin ya gama zama, sannan a yi. In karkatar gaban ta wuce abin da saiti zai iya dawowa da shi, akwai ƙusa ta musamman da ake sakawa a gindin shokozoba don a samu damar gyarawa.

Rawar kuwa daga shokozoba take. Ta kamfani an auna ta ne da sifirin mai laushi, tana aiki a tsakiyar tafiyarta. Yanzu ka tura ta ƙasa ta zauna kusa da ƙarshe, ka kuma haɗa ta da sifirin da ya fi ƙarfinta. In dama ta kwana biyu, kamar yadda take a yawancin motocin da muke saye na hannu, 'yan watanni sun ishe ta ta fashe. Shi ya sa duk mai son sauke mota ya lissafa kuɗin shokozoba huɗu da aka yi domin gajeren sifirin, irin su Bilstein B8 ko Koni masu ruwan ɗorawa, tun kafin ya fara. In aka haɗa da saiti da tayoyin da ka riga ka yi asara, za ka ga kuɗin sifirin wani ɓangare ne kawai na lissafin.

Abu biyu kuma ka tambayi wanda ya yi maka aikin. Ƙusoshin da ke ratsa bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan ƙafa, ya ɗaure su ne motar na rataye a kan jak, ko bayan ta sauka a kan ƙafafunta? In a sama ya ɗaure, robar tana murɗe tun daga ranar, ba za ta daɗe ba. Sannan a duba saitin fitilun gaba, domin in gaba da baya ba su sauka daidai ba, ko dai kana haska ƙasa ko kana kashe wa masu tahowa ido. Wanda kuma ke tunanin kwance sifirin da kansa a gida, ya sani a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi. Ba a kwance shi sai da abin matse shi.

Saƙon ƙarshe ya ba ni dariya. Wata baiwar Allah ce daga Zariya. Ta ce ɗanta ya dame ta a kan a sauke Camry ɗinta, wai ta yi tsayi kamar ta tsofaffi. Ta ce da motar take kai yara makaranta, da ita take zuwa ƙauye da Sallah, ta dawo da buhun masara a but. Me ya kamata ta ce masa?

Ranki ya daɗe Hajiya, ki ce masa a'a, ki ce ni na ce. Motar da ke ɗaukar mutum biyar da buhu tana buƙatar kowane santimita da kamfani ya ba ta. Ki tuna masa da Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarun 1970. Abin da ya sa ta gagara a hanyoyinmu shi ne tsayinta da doguwar tafiyar ƙafafunta, kuma irin wannan motar ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari ta Kenya a 1975, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Direbobin tasha ma da suka san hanya, ɗaga bayan mota suke yi, ba saukewa ba, ko da yake shi ma in ya yi yawa yana da nasa sharrin a kwana.

In ya girma ya sayi tasa, yana zaune inda titi ke da kyau, kuma ransa na so, to ya tsaya a milimita 25 zuwa 30, kada ya wuce. In an zarce haka a mota mai irin ƙafar gaban Camry da Corolla, hannuwan ƙasa sukan koma suna kallon sama, sitiyari ya fara fizga da kansa in an taka gargada, riƙon da aka fita nema ya ragu maimakon ya ƙaru. Ya haɗa da shokozobar da ta dace, ya yi saiti, kuma ya ajiye tsofaffin sifirin ɗin a gida, domin ranar sayarwa dillali zai leƙa ƙasan motar ya rage masa kuɗi. Kafin nan dai Hajiya, in yana son ya ji Camry ta ƙara kama titi, ya sa hannu a aljihu ya saya miki tayoyi huɗu masu kyau, ya kuma riƙa duba iskarsu duk mako.

Lokaci ya cim mana. Saƙonnin da suka shafi na'urar sanyaya mota mun ajiye su sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.