Aljihun mai nutso: ina za a sa ƙananan kaya a ƙarƙashin ruwa?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da duk mai kallonmu daga wani gari. Yau maganarmu a kan aljihu ce, aljihun mai nutso da tulun iska a baya. Ko kai ma'aikacin kashe gobara ne da ake kira idan wani ya faɗa tafki da damina, ko kana shirin zuwa koyon nutso a Dakar ko a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, dole wata rana ka tsaya ka yanke shawarar inda za ka ajiye ƙananan kayanka.

Ga su nan mun shimfiɗa. Gilashin fuska na ko-ta-kwana, don igiyar wanda ke fuskarka tana iya tsinkewa. Balan-balan ɗin alama, dogon nan mai launin lemo da ake aikawa sama domin masu jirgi su san inda kake, tare da ƙwarƙwaronsa mai zare mita 30. Ƙaramar tocila ta biyu. Littafin rubutu wanda ruwa ba ya lalatawa, da fensir. Sai usur da ɗan madubi, na kiran taimako bayan an fito sama.

Wani zai ce, me zai hana a rataya su duka a jikin riga? Ruwanmu ne zai hana. A tafki irin na Gidimuni, ko kududdufan da ke cika a watan Agusta, da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa laka ta tashi, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Ga tsohuwar ragar masunta, ga zaren ƙugiya, ga ciyawa. Duk abin da ke lilo a jikinka sai ya sami abin da zai kama, kai kuma iskar da ke cikin tulunka ƙidayayya ce. A teku ma kayan da ke reto suna karya murjani, suna kuma ƙara maka nauyin jan ruwa, numfashi ya ƙaru, iska ta ƙare da wuri.

Aljihun da kowa ke fara samu shi ne na jikin rigar iska, wadda ake kira BCD, wato rigar da ke riƙe tulu a baya, wadda ake hura wa iska ko a rage don daidaita tashi da nutsewa. Ba sai ka saya daban ba, wannan ce fa'idarsa. Amma ku duba inda yake: a gefen haƙarƙari, ƙarƙashin hammata, inda ido ba ya kaiwa kuma gwiwar hannu ba ta lanƙwasuwa da daɗi. Sannan yana manne da jakar iskar rigar. Idan ka hura rigar ta cika, kamar yadda ake yi a saman ruwa, jakar tana matse aljihun har yatsu biyu su kasa shiga. Usur da madubin da kake nema a daidai wannan lokacin su ne suka maƙale. Ya isa ga fensir da littafi, ba mu ba da shawarar a ba shi amanar kayan ceto ba.

Akwai kuma aljihun ɗamara, wanda ake zura shi a igiyar kugu mai faɗin santimita 5. Yana da kyau idan ƙarami ne. Babba yana tokare cinya duk lokacin da ka naɗe ƙafa, kuma idan ba a sa masa maƙalli gaba da baya ba, sai ya riƙa yawo a kan igiyar.

Wanda muka fi yarda da shi shi ne aljihun cinya, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Dalilin fifikonsa a jikin mutum yake: ka tsaya ka saki hannu, inda tafinka ya faɗa a gefen cinya, nan ne wurin da hannu ke zuwa ba tare da ido ya raka shi ba. Idan kana kwance cikin ruwa, aljihun yana bayan kafaɗa da kugu, ruwa ya riga ya rabu kafin ya iso shi, don haka ba ya ja da kai baya sosai. A gefe ake sa shi, ba a gaban cinya ba. Na gaba yana sharar laka idan ka yi ƙasa, yana kuma kama bakin jirgi wajen hawa.

Hanya uku ake samunsa. Ta farko, a manna shi da gam a jikin rigar roba, wadda mai nutso ke sawa ta lafe a jiki saboda sanyin ruwa. Ka sa rigar a jikinka tukuna, wani ya zana maka wurin da alli, domin roba tana miƙewa idan an sa ta, kuma aljihun da aka manna a rigar da ke shimfiɗe a tebur yakan karkace. A wanke wurin ya bushe sarai, a shafa gam ɗin da aka yi domin irin wannan roba, a danne da abu mai nauyi, a bar shi ya kwana ya wuni kafin ya ga ruwa. Kusurwoyi ne ke fara ɓamɓarewa, a nan za a fi kula. Idan rigarka irin wadda ruwa ba ya shiga ce sam, kada allura ta kusance ta, kowane rami ɗaya ƙofar ruwa ce.

Ta biyu, gajeren wando mai aljihu biyu da ake ɗorawa a kan rigar. Ga mai hayar riga a wurin da ya je, ko ƙungiyar da mutum uku ke karɓa-karɓa da riga ɗaya, wannan ya fi dacewa. Ta uku, jaka mai igiya da ake ɗaurewa a cinya. Waɗannan biyun matsalarsu ɗaya, kuma daga matsin ruwa take. A mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu. Rigar roba cike take da ƙananan kumfan iska, matsin yana murƙushe su, rigar ta sirance, cinyarka ta rage kauri. Igiyar da ka ɗaure tam a bakin ruwa sai ta yi sako-sako a ƙasa, jakar ta juyo tsakanin ƙafafu ko wandon ya zame. Saboda haka a nemi wando mai ɗamara ta gaske a kugu, jakar kuma ta kasance tana da igiyar da ta rataye ta daga ɗamara, igiyar cinyar kuwa mai roba a ciki.

Yanzu mu buɗe aljihun, domin cikinsa ya fi wajensa muhimmanci. Kun ga wannan zoben igiyar roba da aka ɗaure daga sama? Kowane abu sai an maƙala shi a nan da ƙugiya mai sakata, ta tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan ka buɗe aljihu cikin duhu ka jawo gilashi, tocila takan biyo shi, in ba a maƙale take ba ta tafi ke nan. Da igiyar, sai ka zazzago komai waje, ka laluba, ka cire wanda kake so, ka mayar da sauran. A guji ƙugiyar da bakinta ke buɗewa da ɗan turi kawai, irin ta masu hawan dutse. Ita da kanta take haɗiye zaren raga ta rufe a kansa.

Ƙasan aljihun dole ya kasance da ramukan fitar ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, aljihu biyu marasa rami za su sa ka hau tsani da ƙarin kilo uku ko huɗu a cinya. Marufi kuma, ko zif ko Velcro, wato ƙyallen nan mai ƙananan haƙora da ke mannewa idan an danna shi. Zif yana rufewa ruf, amma yashi da gishiri suna cije shi. Velcro yana buɗewa da hannu ɗaya, sai dai laka da gansakuka suna cika haƙoransa har ya daina kamawa. A ruwa mai laka mun fi son Velcro mai faɗi da ɗan hannun ja mai tauri, wanda za ka iya kamawa da safar hannu.

Idan tela za ka kai wa a kasuwar Dole, ka kai masa yadin nailan mai kauri da zaren nailan, girman ya kai wajen santimita 22 a tsaye, 17 a faɗi, 5 a kauri. Dukawan garin nan gwanaye ne, amma fata da zaren auduga ba su jure jiƙa da bushewa.

Abu biyu ba sa shiga waɗannan aljihunan. Dalmar nauyi, wadda ake ɗaurawa don ta taimaka a nutse, tana da nata wurin, wanda ake saki da ja ɗaya idan ana neman tashi sama, kuma dalmar da aka kulle a bayan zif ba ta sakuwa a lokacin firgita. Wuƙa ko almakashi kuma a gaban ɗamara suke zama, inda hannun dama da na hagu duk za su kai, domin ba ka san wane hannu raga za ta kama ba.

Ka raba kayan gida biyu, na gaggawa a gefe ɗaya, na aiki a ɗayan, kuma kai da abokin nutsonka ku bi tsari iri ɗaya don ya san inda zai sa hannu a jikinka. Kafin ka amince da aljihu, ka sa safar hannu, ka rufe ido, ka ciro gilashin ko-ta-kwana da hannu ɗaya, ka mayar. Ka maimaita a ruwan da bai wuce mita 2 ba, malaminka na kusa. Wanda ya gagare ka a nan, ka sake masa wuri.

Bayan an fito, a wanke da ruwa mai daɗi, a motsa kowace sakata cikin ruwan har yashi ya fita, a shanya a inuwa da marufi a buɗe. Zafin Afrilu da Mayu a Damagaram yana wuce digiri 40, kuma kayan da aka bari cikin mota a rufe gam ɗinsu yana saki, igiyar roba ta tsattsage. Da hunturu a sa su cikin akwati mai murfi saboda ƙura, a kuma ja kowace igiyar roba a duba ta kafin damina ta faɗi.