Waƙar da ke tashin mutanen Kolkata ƙarfe huɗu na asuba

To jama'a, duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san wurin nan da ake nuno gunkin wata mace mai hannaye da yawa a kan zaki, ana kaɗa ƙararrawa, ana juya faranti mai fitila a gabanta ana waƙa. Durga kenan, mabiya addinin Hindu uwa suke ɗaukarta, kuma babban littafin da suke yabonta da shi sunansa Devi Mahatmya, baiti 700 ne cikin babi 13 da Sanskrit, tsohon harshen Indiya, ya haura shekara dubu da rubutawa.

A labarinsu, wani shaiɗani Mahishasura mai rikiɗa ya koma ɓauna ya gagari allolinsu maza, sai suka haɗa ƙarfinsu wuri guda ita ta fito daga ciki, kowa ya miƙa mata makaminsa, ta je ta gama da shi. Amma ni inda ya fi ɗaukar min hankali ba yaƙin ba ne, akwai wani babi da suke jero cewa wai tana cikin kowace halitta, a matsayin hankali, a matsayin barci, yunwa, ƙishirwa, haƙuri, kunya, kai har da ruɗewa, kowane baiti a gaishe ta sau uku a wuce na gaba, shi ya sa ko yaro yake iya haddace shi.

Yanzu ku zo Bengal, yankin da birnin Kolkata yake a gabashin Indiya. Tun shekarun 1930 gidan rediyon All India Radio yake sa wani shiri ranar Mahalaya, kusan mako guda kafin bikin Durga Puja, ƙarfe huɗu na asuba, a fara da busa ƙaton kwanson dodon-koɗi sannan muryar wani ma'aikacin rediyo mai suna Birendra Krishna Bhadra ta shigo yana karanta baitocin nan, wani wurin muryar har rawa take kamar zai fashe da kuka, mutane kuwa tun dare sun goge tsohuwar rediyo sun sa batir.

A 1976 manyan gidan rediyon suka ce bari a sabunta, suka ɗauko Uttam Kumar, jarumin fim ɗin da babu kamarsa a Bengal lokacin, ya maye gurbin Bhadra. Ai kuwa mutane suka ce ba su san zancen ba, ƙorafi ta ko'ina, dole aka dawo da tsohon shirin a shekarar. Bhadra ya mutu a 1991, amma har yau rikodin ɗinsa ake sawa duk shekara.