Sharhi: Furfura kaɗai ba ta kawo fansho

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk ranar da wata gwamnati ta taɓa shekarun ritaya, sai ƙasa ta ɗauki zafi. A 2023 Faransa ta sha yajin aiki da zanga-zanga wata da watanni, saboda gwamnatin Shugaba Emmanuel Macron ta ce a ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64. Kasar Sin ma tun daga Janairun 2025 ta fara ɗaga na maza daga 60 zuwa 63, sannu a hankali cikin shekara 15. Wannan lambar ce kowa ke kallo, ita ake rubutawa a kwalaye, ita 'yan siyasa ke cacar baki a kanta. To amma akwai wata lamba ta biyu da ba a cika yin hayaniya a kanta ba, kuma a ganina ta fi ta farko cutar da mutane: shekara nawa ka yi kana zubi, kuma an rubuta maka su?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, domin mutane da yawa suna ɗaukar fanshon gwamnati kamar ajiyar banki ce. A ƙasashe da yawa ba haka ba ne. A tsarin fansho na inshorar jama'a, wanda Jamus ta soma a 1889 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, abin da aka cire daga albashin ma'aikacin yau, tare da kason wanda ya ɗauke shi aiki, shi ake biyan dattijon yau da shi. Ba wani asusu da ke jiranka da sunanka a kai. Abin da kake tarawa shi ne hakki, wato alkawarin cewa masu tasowa za su yi maka abin da ka yi wa na gabanka. Labarin wata Ba'amurkiya mai suna Ida May Fuller ya isa misali. Ita ce ta fara karɓar fanshon wata-wata na wannan tsarin a Amurka, a Janairun 1940. Duk zubin da ta yi cikin shekara uku bai wuce dala 24 da 'yan kai ba. Cakin farko da aka ba ta dala 22 da santi 54 ne, Allah kuma ya ja kwananta ta kai shekara 100, ta karɓi sama da dala 22,000 kafin ta rasu. Ai kun ga ba kuɗinta ta ci ba.

Shi ya sa yawan masu zubi ya zama ruhin tsarin. A 1960 ma'aikata sama da biyar ne ke ɗauke da mai karɓa ɗaya a Amurka. Yau ba su kai uku ba. Haihuwa ta ragu, kwana ya ƙaru, sai gwamnatoci suka shiga ɗaga shekaru da tsaurara sharuɗɗa.

To mu zo kan sharuɗɗan. A Birtaniya doka ta tsara ɗaga shekarun karɓa daga 66 zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028. Amma ko ka kai, in ba ka da shekara 10 na zubi a rajista, ko sisi ba za ka gani ba a sabon tsarin da ya fara a Afrilun 2016. Cikakken fansho kuwa sai mai shekara 35. Mai shekara 20 kashi 20 cikin 35 zai samu. A Amurka maki ake ƙirgawa, sai ka tara 40, kuma ba a ba mutum fiye da huɗu a shekara, wato aikin shekara 10 ke nan. Jamus ta fi sassauci, shekara biyar ta ce. Sin kuwa a cikin dokar nan da ta ɗaga shekarun ritaya ta sa cewa daga 2030 mafi ƙarancin zubi zai tashi daga shekara 15 zuwa 20. Wannan sakin layin bai samu rabin surutun da ɗaga shekarun ya samu ba, alhali shi ne zai hana wasu karɓa sam.

Ko ka tsallake wannan, lissafin kuɗin ma yana da nasa tarkon. Amurka tana ɗaukar shekaru 35 da ka fi samun albashi ta fitar da matsakaici. In shekara 28 ka yi aiki, sauran bakwai ɗin sifili za a rubuta, su ja matsakaicin ƙasa. Sannan ga batun lokacin da ka nema. Wanda aka haifa a 1960 ko bayanta, cikakken hakkinsa a shekara 67 yake. Doka ta yarda ya fara karɓa a 62, amma za a zaftare kashi 30 cikin ɗari, kuma zaftarewar ta har abada ce. In ya daure zuwa 70, ana ƙara masa kashi 8 a kowace shekara bayan 67. A ce hakkinsa dala 1,000 ne a wata: a 62 dala 700 zai riƙa gani, a 70 kuwa dala 1,240. A takarda sai ka ce kowa ya jira mana. Amma wa ke iya jira? Mai aikin ofis da ke zaune a inuwa zai iya. Birkila ko mai dakon kaya da gwiwa ta riga ta tafi a shekara 60, ba zaɓi yake yi ba, dole ce ta sa shi. Kuma sau da yawa shi ne wanda ya fara aiki tun yana yaro, shi ne kuma wanda ba lalle ya daɗe yana karɓa ba.

Mata su ne suka fi faɗawa ramin nan na giɓin shekaru, saboda reno da jinyar iyaye. Wasu ƙasashen sun gane haka. Jamus tana rubuta wa uwa ko uba shekara uku na zubi kan kowane yaro da aka haifa daga 1992, don haka mai 'ya'ya biyu ta cika sharaɗin shekara biyar ko da ba ta taɓa karɓar albashi ba. A Birtaniya wadda ta yi rajistar tallafin yara ana rubuta mata shekarar har yaron ya kai 12. Amma fa sai ta yi rajistar. A Amurka matar aure na iya samun har rabin hakkin mijinta, wadda aka rabu da ita ma haka, muddin auren ya kai shekara 10. Wadda aurenta ya mutu a shekara tara da wata goma sha ɗaya, sai dai haƙuri.

Ga kuma 'yan ci-rani. Mutum ya yi shekara takwas a wannan ƙasa, bakwai a waccan, in babu yarjejeniyar haɗa shekaru tsakanin ƙasashen biyu, zai iya tashi a tutar babu bayan an cire masa kuɗi a duka biyun. Ƙasashen Tarayyar Turai suna haɗa wa junansu. Birtaniya kuma tana da wata ƙa'ida mai ban mamaki: kowace shekara tana ƙara fansho da wanda ya fi yawa tsakanin hauhawar farashi, ƙarin albashi, ko kashi 2.5 cikin ɗari, amma dattijon da ya koma zama a Kanada ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu ba ya cikin ƙarin. Abin da ya fara karɓa, a nan zai tsaya. Wanda ya koma Amurka kuwa ana ƙara masa. Zubi iri ɗaya suka yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikaci ya riƙa neman takardar bayanin zubinsa tun yana da ƙarfi, ya tabbata abin da ake cire masa yana isa inda ya kamata, domin akwai masu kamfanonin da ke cirewa su danne. A Birtaniya ana iya biya a cike giɓi, amma a ƙa'ida shekara shida na baya kawai ake iya komawa. Kuma fansho ba ya zuwa da kansa, sai an nema.

Sai dai bai kamata a ɗora wa ma'aikaci nauyin duka ba. Gwamnatin da ta sauya sharaɗi ita ke da alhakin sanar da mutane da wuri. A 1995 Birtaniya ta yi dokar ɗaga shekarun mata daga 60 zuwa 65, a 2011 ta ƙara wa abin sauri. Mata da dama da aka haifa a shekarun 1950 suka ce ba su ji labari ba sai da suka kusa 60, wasu har sun riga sun ajiye aiki. A Maris na 2024 hukumar sauraron koke-koke ta majalisar ƙasar ta ce lalle an yi sakaci wajen sanarwa, ta ba da shawarar a biya su diyya. A Disambar shekarar gwamnati ta amsa cewa an yi jinkirin aika wasiƙu, ta ba da haƙuri, sannan ta ce diyya kam ba za ta biya ba.