Jawabin Maraba ga Babbar Baƙuwarmu, Farfesa Mai Bincike kan Kula da Majinyaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro, babbar baƙuwarmu Farfesa, shugabannin sassa, likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomai, masu haɗa magunguna, ɗalibanmu, da kuma wakilan majinyata da ke zaune a sahun gaba bisa roƙon baƙuwar da kanta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranki ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mun daɗe muna karanta ki kafin mu gan ki, yau kuwa gani ya kori ji. A madadin malamai da ma'aikata da ɗaliban wannan tsangaya, ina yi miki lale marhabin, tare da ’yan rakiyarki.

Al'adar irin wannan taro ita ce mai gabatarwa ya karanto yawan muƙalun da baƙo ya wallafa, da sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su, sannan ya rufe da abin da ake kira ma'aunin h. Saboda ɗalibanmu bari in fayyace shi. Wani masanin kimiyyar fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. In an ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da muƙalu ashirin waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau ashirin a rubutun wasu. Naki ma'aunin babba ne, yana cikin ɗan littafin da aka raba, kuma gumi ne ya kawo shi, domin duk wanda ya taɓa aika muƙala aka dawo masa da ita sau uku da gyare-gyare ya san nauyin kowane layi a wannan jeri. Amma ba a kansa zan tsaya ba. Tun a 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, ba da sunan mujallar da ta buga shi ba. Ƙari a kan haka, wannan lissafi yana gaya mana yawan malaman da suka saurare ki ne kawai, alhali ke duk rayuwarki ta aiki a kan tambaya ɗaya ta tafi: shin an saurari marar lafiya?

Na karanta jerin ayyukanki daga ƙasa zuwa sama, daga muƙalar farko zuwa ta bara, sai na ga zare ɗaya ne ya ratsa su. Kin gaji wannan tambaya daga magabata. A 1969 Enid Balint, a Ingila, ta yi rubutu kan likitancin da ke sa majinyaci a tsakiya, tana cewa a fahimce shi a matsayin mutum na daban, ba a tsaya kan cutar da ke jikinsa ba. A 1984 likita Howard Beckman da abokin aikinsa Richard Frankel suka naɗi muryar ganawa 74 tsakanin likitoci da majinyata a Amurka. Abin da suka samu har yau yana sa mu sunkuyar da kai: likita kan katse marar lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka samu damar kai ƙarshen bayaninsu na farko. Uzurinmu a kullum shi ne, in ka bar majinyaci sai ya kwana yana magana. A 2002 wasu likitoci a birnin Bazel na ƙasar Suwizalan suka gwada wannan zato, suka riƙe agogo suka yi shiru. Matsakaicin lokacin da majinyata suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari sun gama kafin minti biyu. Muƙalunki na farko a wannan layi suka hau, kika zauna a ɗakunan duba marasa lafiya da izininsu, kina sauraron abin da ake faɗi da abin da ake haɗiyewa.

Ranki ya daɗe, ki ba ni dama in faɗi yadda rubutunki ya iso ɗakina, domin wannan ba ya cikin kowane lissafin ambato. Akwai wani bawan Allah mai hawan jini da na duba sau uku a jere. Duk zuwan da zai yi jinin yana sama, ni kuma in ƙara masa magani, in rubuta a katinsa cewa ba ya bin umarni. Ana cikin haka na karanta wata muƙalarki inda kika ba da shawarar tambaya guda: me ya fi damunka game da wannan magani? Da ya dawo na huɗu sai na ajiye biro na tambaye shi. Ya daɗe yana juya katinsa a hannu, yana kallon ƙasa. Can ya ce, “Likita, ni direban babbar mota ne. Ƙwayar nan ta safe fitsari take sa ni, kuma ba ko'ina ake tsayawa a hanya ba. Sai ranar da ba ni da tafiya nake sha.” Wata uku ke nan ina ƙara masa abin da ba ya iya sha. Muka sauya masa wani magani a ranar. Maganar duka ba ta kai minti biyu ba, kuma ba a na'urar awo amsar take ba, tana bakinsa tun zuwan farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki, kimanin rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta. Ina yawan tunanin nawa ne daga cikin ɗaya rabin suke da dalili irin na wannan direba, ba a dai tambaye su ba.

Daga baya aikinki ya koma kan abin da ya fi wuya, wato yadda za a auna abin da majinyaci ke ji, a shigar da shi cikin hujjar ilimi. Wasu abokan aikinmu sun daɗe suna ganin wannan fanni ladabi ne da fara'a kawai, ba magani ba. To, ga amsa. A 2017 Ethan Basch da tawagarsa suka wallafa sakamakon gwaji kan masu ciwon daji 766 a wani babban asibitin daji a Niyok. An ba wasu dama su riƙa shigar da alamomin da suke ji ta kwamfuta, in abin ya tsananta saƙo ya je wa ma'aikaciyar jinya nan take. Waɗannan sun rayu kimanin wata 31, waɗanda aka bar su kan tsarin da aka saba kuwa wata 26. Wata biyar ke nan, ba da sabuwar ƙwaya ba, ba da sabuwar tiyata ba. Haka kuma masu binciken ciwon sanyin gaɓoɓi sun shekara suna ƙirga gaɓoɓin da suka kumbura, sai da suka gayyato majinyata teburin shawara aka gaya musu cewa gajiya ce take karya mutum, sannan aka fara auna ta.

Abin da ya fi taɓa ni a jerin muƙalunki na baya-bayan nan shi ne sunayen marubutan. Kusa da sunanki akwai na majinyata da masu jinyarsu, ba a shafin godiya ba, a sahun marubuta. Mujallar likitanci ta Birtaniya, BMJ, ta fara sa majinyata duba muƙalu kafin bugawa a 2014, amma kowa ya san sanya doka daban, zama da majinyaci a tsara tambayar bincike tare daban. Yana cin lokaci, yana rage yawan abin da mutum zai wallafa a shekara. Kin zaɓi hakan kina sane.

A takarda, an daɗe da karɓar wannan tafarki. Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta sa shi cikin manufofi shida na ingancin kula da lafiya a 2001, Babban Taron Lafiya na Duniya kuma ya amince da tsarin ayyukan lafiya masu sa mutane a tsakiya a 2016. Sai dai masana sun ƙiyasta cewa sakamakon bincike kan ɗauki shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Ba za mu ɓoye miki ba, mu ma muna cikin wannan jira. Gobe in kin zagaya za ki ga layin majinyata, za ki ga ƙaramin likita da tarin katuna a gabansa, kuma na tabbata zai ce miki, “Farfesa, ina lokacin yake?” Tambayarsa gaskiya ce, ba lalaci ba ne, kuma muna so ki amsa masa da kanki.

Don haka maraban namu da ƙoƙon bara take tafe. Muna roƙon ki duba takardun tambayoyin da muke ba majinyata, domin yawancinsu an rubuta su ne da wani harshe don wasu mutane, kuma wanda ba ya karatu ba ya iya cike su sai an taya shi, wanda ya taya shi kuwa sau da yawa shi ne wanda ake tambaya a kansa. Muna kuma da matasan malamai da ma'aikatan jinya masu bayanai cike da aljihun tebur, ba su san ta inda za su mai da su muƙala ba. Sa'a ɗaya da ke za ta rage musu shekara. Wakilan majinyatan nan kuma sun zo da tambayoyinsu a rubuce, mun ware musu lokaci na farko bayan laccarki, kafin kowane farfesa ya ɗaga hannu.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya sa zamanki da mu ya yi albarka, ya mai da ke gida lafiya. Jama'a, ina roƙon mu miƙe tsaye mu tarbi babbar baƙuwarmu. Ranki ya daɗe, bismillah, ga mumbari.