Amsoshin Tambayoyinku: Sana'ar Mata da Arzikin Ƙasa

Jama'a, lokaci ya ja, bari mu buɗe wasiƙu.

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada na tambayar yaushe aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. A 1962 ne, malam. Kana Zariya kana tambayar wannan? Allah ya shirya!

Wannan kuwa daga Sabon Gari take, kuma mutane da dama sun aiko irinta. Ya ce: "Kullum ana cewa barin mata a baya na hana ƙasa ci gaba. To ni maiɗakina ba ta fita, ina ruwanta da tattalin arzikin Najeriya?" Na maimaita: ba ta fita, ina ruwanta da arzikin ƙasa? Muna tare da wata malamar tattalin arziki daga Samaru. Malama, bismillah.

"Na gode. Ka duba Bangladesh. Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a 1983, yana ba talakawa ƙaramin rance ba jingina, kuma akasarin masu karɓa mata ne. A 2006 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Masana'antun ɗinkin tufafinsu ma, da ke kawo musu mafi yawan kuɗin ƙasashen waje, mata ne suka cika su..."

Malama, kin kai mu Asiya ba guzuri. Mu dawo Zazzau.

"To, ai nan ma haka ne. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, ɗinkin hula, daga ina suke fitowa? Daga cikin gidaje. Matar tana sana'a, sai dai jarinta bai wuce kwasar adashi ba, ba gona, ba asusun banki. Mai saro kaya ne ke cin ribar. Sannan 'yarta ce ke ɗaukar talla maimakon zuwa makaranta, gobe ita ma a nan za ta tsaya."

Kun ji. Tallar nan ita ta fi damuna. Yarinyar da ke yawo da faranti a tasha, da ta yi karatu wataƙila ita ce ungozomar da kake nema a asibiti, kana ƙorafin namiji ne zai duba iyalinka. Malam na Sabon Gari, yau in ka koma gida tambayi uwargida nawa ne jarinta. Kuma in ka ranta, ka biya!

Ta ƙarshe daga Kwarbai: wai Nana Asma'u 'yar wa ce? 'Yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, ita ta kafa 'Yan Taru masu karantar da mata. Ga mai labarai ya shigo, sai mako mai zuwa.