Mai Sabulun Runcorn da Majami'unsa

Takardarmu ta gaba daga Jos ta fito. Mai sauraronmu ya ce ya ji labarin wani Bature ɗan ɗarikar Methodist da ke wa'azi ran Lahadi, sauran ranaku kuma yana masana'antar sinadarai. Yana tambaya ko wane ne, kuma ya aka yi ya haɗa taura biyu a baki.

To, malam, mun gode da wannan takarda. Wanda ya fi dacewa da kwatancenka shi ne Thomas Hazlehurst, mutumin Runcorn, wani gari a bakin kogin Mersey kusa da Liverpool a Ingila. An haife shi a 1816, ya rasu a 1876. Mahaifinsa ne ya kafa masana'antar sabulu, 'ya'yan suka gaje ta, ana kiranta Hazlehurst & Sons.

Batun wa'azin ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Tun zamanin John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar, ake ba mutanen gari da ba a naɗa su limaman coci ba damar hawa mumbari. Ba albashi, kowa da sana'arsa, daga maƙeri har attajiri.

Shi dai Thomas, kuɗin sabulu ya kwasa ya zuba a gini. Majami'u goma sha biyu da makarantu uku ya biya kuɗinsu, wasu duka, wasu kaso mafi tsoka, har aka yi masa laƙabi da mai gina majami'u. Duk inda za a aza harsashi sai a gayyato shi, a miƙa masa cokalin magina na azurfa don tunawa. Haka ya tara su tuli guda.

Sai dai fa sana'ar tana da muni. Sabulu na buƙatar mai da soda. Manja kuwa daga gaɓar Afirka ta Yamma jiragen ruwa ke sauke shi a Liverpool a wancan zamani. Sodar kuma da gishirin Cheshire, yankin da Runcorn take, ake yin ta, a zuba masa asid irin na ruwan batir, a gasa da gawayin kwal da farar ƙasa. Hayaƙin da ke tashi yana ƙona ganyen itatuwa da amfanin gona, ma'aikata kan naɗe baki da hanci da tsumma, duk da haka haƙora na zagwanyewa. Sai a 1863 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta masu irin wannan masana'anta su tare kashi 95 cikin ɗari na hayaƙin.

Ni dai a ganina, wanda ya zauna a majami'ar ran Lahadi yana tari, ya san daga inda tarin ya fito, ya kuma san wanda ya biya kuɗin bencin da yake kai.

Bari mu ɗauko takarda ta gaba.